Hiske 'Yar Ko-ta-kwana

Ƙanwata Hiske ba ta taɓa buɗe baki ta ce "ina so" ba, kuma kada wani ya ɗauka yabonta nake yi. Ciwo ne na gidanmu, a wurin Heit muka gado shi, wato babanmu. Heit mutum ne da in maƙwabci ya leƙo ya ce zai zo da tarakta ya taya shi kwashe ciyawa kafin ruwa ya sauko, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, bar shi kawai, za mu iya." Maƙwabcin ya ce to, ya juya. Kafin kofi ya huce sai ka ji ƙugin tarakta a bakin gona. Haka ƙauyenmu yake, da kusan duk ƙauyukan yankinmu na Fryslân da na sani: kai ka ƙi, shi ya zo. Ba wanda ya roƙa, ba wanda zai yi gori. Ni tun ina yarinya abin yake ƙona mini rai, shi ya sa Heit yake cewa ni Baukje bakin mutanen birni gare ni.

Kowane yaro a wurinmu da takalmin tsere a kan ƙanƙara, mai wuƙar ƙarfe a ƙasansa, yake tashi, wannan ba labari ba ne. Labarin shi ne Hiske ta ƙi dogon fili, inda ake tsere bibbiyu cikin mutunci kowa a layinsa, ta zaɓi gajeren fili, inda ake cusa mutum biyar ko shida a ɗan da'ira suna gogar kafaɗa, wuƙaƙen ƙafarsu na wucewa dab da yatsun juna. Heit ya kalla sau ɗaya ya ce wannan ai dambe ne a cikin kwanon miya. Duk da haka shi ya ba ni makullin mota. Ni na yi ta jigilarta zuwa filin atisaye a garin Heerenveen da sassafe bayan tatsa, motar na warin madara, ita tana barci a baya rungume da takalmanta.

Ba ta taɓa zama wadda ta fi kowa gudu ba. Abin da Allah ya ba ta hannu ne. A tseren karɓa-karɓa na 'yan mata huɗu ba sanda ake miƙawa ba, turawa ake yi: ki zo a guje, ta gaba ta duƙa a gabanki, ki sa tafin hannu biyu a ƙugunta ki cilla ta da duk ƙarfin da ya rage miki. Hiske da ta girma tana jifan damin ciyawa saman rumbu, in ta tura mutum sai ya ji a haƙoransa. Merel, tauraruwar ƙungiyar ƙasa, ta taɓa ce mini, "Baukje, in ƙanwarki ta tura ni, kwanar farko addu'a kawai nake yi."

Shekara da shekaru tana cikin huɗun farko na ƙungiyar ƙasa, lokacin da ƙungiyar ba ta da wani abin kirki. Su je gasar duniya su dawo na biyar, su dawo na shida. Shekarar da suka fi ƙoƙari suka zo na huɗu, wato na farko a cikin waɗanda ba a ba komai. Sai ga wata rana a wurin atisaye wuƙar wata ta yanke ta a cinya, yankan da likita ya ce da ya ƙara ɗan matsawa da ba wannan zancen ake yi ba. Ta yi shekara guda tana ɗingishi tsakanin shanu. Da ta koma sai ta tarar ƙungiya ta cika da yara masu ƙafa kamar iska, yaran da suka girma da hotonta a bangon ɗakinsu. Suna ƙaunarta ƙwarai, suna kiranta Beppe, kaka ke nan, kuma suna wuce ta a kowace kwana.

To, a shekarar da nake ba da labari tana da talatin da biyu, kuma ta riga ta gaya mana ita ce ta ƙarshe. Gasar duniya ta zo gida, Rotterdam, a watan Maris, kuma a karon farko kowa yana cewa 'yan matanmu za su hau dandamalin karɓar lambar yabo. An ɗauki Hiske ta biyar, 'yar ko-ta-kwana. Ga kuma dokar: lambar yabo ta wadda ƙafarta ta taɓa ƙanƙara ce, ko a zagayen kusa da na ƙarshe ko a na ƙarshen. Ta biyar da ta zauna a benci duka biyun, ko da ita ta goyi ƙungiyar tun tana rarrafe, hannu banza za ta koma gida. Shi ya sa koci mai kirki yakan hutar da ɗaya a na kusa da ƙarshe ya sa ta biyar, don ita ma ta samu. Kocinsu Rogier, dogon mutum ɗan birnin Den Haag mai cin cingam, ya yi wa Hiske wannan alkawari tun watan Janairu a gaban kowa. Tsere ɗaya ke nan tsakaninta da abin da ta ba ƙuruciyarta duka.

Ƙauye ya yi hayar bas don Asabar da Lahadi, amma ni da Heit muka riga su, muka bi jirgin ƙasa muka isa ranar Juma'a da rana. Heit ya bar shanunsa a hannun maƙwabcinmu Douwe da ɗansa, bayan ya ƙi tayin sau uku kamar yadda ya kamata. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya naɗa gyale ruwan goro, launin ƙungiyar ƙasa, a wuya, ya zauna a zauren otal ɗin 'yan wasa yana duban ɗan biskit ɗin da aka kawo da kofi kamar an zage shi.

"Wannan ne biskit ɗin, ko hotonsa ne?" in ji shi.

Hiske ta yi dariya. Ta rame, amma idonta yana haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Muna cikin haka sai ga Rogier ya nufo teburinmu, ya miƙa wa Heit hannu, ya gaishe shi da Meneer, wato Malam, haɗe da sunan gidanmu.

"Meneer Algra, sannu da hanya. Hiske, in gan ki minti biyu?"

"Faɗi a nan," ta ce. "Babana ne da yayata."

Da ma ta tashi ta bi shi. Na sha tunanin wannan fiye da yadda ya kamata.

Rogier ya ja kujera ya zauna a bakinta. "Kin ga yadda ƙuri'a ta faɗo?"

"Na gani."

"Masu jajayen kaya da masu shuɗi, duk a rukuninmu. Biyu kawai za su wuce. Gobe ce wasan ƙarshe na gaskiya, ba jibi ba." Ya cire cingam ɗin ya naɗe a takarda. "Kin san ni, ba na iya kwana-kwana. Na yi miki alkawari, kuma yana nan daram. Kika ce kina so, gobe ke za ki shiga, Jildou autarmu ta zauna, magana ta ƙare, ba wanda zai ce uffan. Amma in kin tambaye ni, yarinyar ta fi ki ƙafa a yanzu. Ke ma kin sani. Zaɓi naki ne."

Ni dai na riga na ji amsar a bakina: ina so. Kalma biyu, ko ɗan yaye ya iya su. Na ga Hiske ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan Heit. Shi kuwa bai ko kalle ta ba, juya kofinsa yake yi da cokali, kofin da ba sukari a ciki.

"Haba, Rogier," ta ce. "Kada ka damu da ni. Ka yi abin da ya fi wa ƙungiya."

Na kai mata shuri ta ƙarƙashin tebur, ban ma tuna da wace ƙafar ce mai tabon ba. Rogier ya saki wani dogon numfashi kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya kama hannunta da hannu biyu.

"Ke babba ce, Hiske. Ba zan manta da wannan ba." Ya juya ga Heit. "Kun yi tarbiyya, Meneer Algra." Ya miƙe ya tafi, wayarsa na kunne tun kafin ya kai ƙofa.

Heit ya ajiye cokali. "Madalla, famke, 'yata. Haka ake yi."

"Haka ake yin me?" na ce. Muryata ta sa wasu 'yan wasa a teburin gefe suka waigo. "Heit, kyauta ta yi da tserenta! Yanzu a gabanka!"

"Ke dai ba ki da haƙuri. Mutumin ya tambaya, ta ba shi amsar mutunci. Zai je ya yi tunani, ya dawo ya ce a'a, alkawari alkawari ne."

"Ɗan Den Haag ne fa! In ka ce masa ka ƙoshi, ɗauke kwanon yake yi!"

"Mutum mutum ne ko'ina," in ji Heit, ya tsoma biskit ɗinsa a kofi.

Na bi Hiske ɗakinta ina zuba kamar famfo ya lalace. Na ce ta sauka yanzu-yanzu ta same shi, ta ce masa subul da baka ta yi. Na ce jin kunyar wanda bai san ana jin kunyarsa ba asara ce. Ta ɗauko takalmanta ta ɗaure su a maƙalin washi, wuƙaƙen suna kallon sama, ta ɗiga mai a dutse ta fara ja, gaba da baya, gaba da baya. Wanda ba zai yi tsere ba ba ya wasa wuƙa da irin wannan natsuwar. A nan na gane ita ma jira take yi. Shekara biyu tana aiki da Rogier, ta san shi sarai, amma can cikin zuciyarta 'yar Heit ce, tana sauraron ƙugin tarakta.

"Ki yi mini rai, Baukje," ta ce daga baya. "Abin da ya faɗa gaskiya ne. In na shiga muka faɗi fa? Da wane ido zan kalle su?"

"Da idon da suka kalle ki lokacin da kike tura su suna zuwa na shida!"

"Wancan daban."

"Kina so ko ba kya so? Ni kaɗai ce a nan, Heit yana ƙasa. Faɗi."

Dutsen ya tsaya a hannunta. Ban ji ta faɗa ba, don a daidai lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yadda ta zabura ta goge hannu a wandonta, yadda ta gyara gashinta kafin ta buɗe, har yau ban manta ba.

Jildou ce. 'Yar shekara goma sha tara, doguwa, siririya, fuska jage-jage da hawaye. Ta faɗa jikin Hiske.

"Beppe! Rogier ya gaya mini. Ya ce ke da kanki kika ce a bar ni. Na kira Mem, mamata, su ma a gida kuka suke yi. Ni ban san me zan ce miki ba!"

Hiske ta tsaya riƙe da ita, tana ɗan bubbuga bayanta, tana kallona ta saman kafaɗar yarinyar.

"To ya isa, kada ki jiƙa mini riga," ta ce. "Ki dai duƙa sosai in za a tura ki, kin cika miƙewa kamar sandar tuta."

Da yarinyar ta fita, Hiske ta kwance takalman daga maƙalin, ta mayar wa wuƙaƙen kubensu na roba, ta sa a jaka. Ɗaya ta wasu, ɗaya ba ta gama ba. Ta ce kada in kuskura in je wurin Rogier, in na je ba ni ba ita.

Washegari da safe na je, mana. Na tare shi a bakin ƙofar filin yana shan kofi a kofin takarda.

"Kai ne ka yi alkawari," na ce masa, ko gaisuwa babu.

"Ni ne. Kuma da ta ce e, da ita ce a ciki yau. Na rantse miki, Baukje."

"Sau ɗaya ka tambaye ta!"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na rainin hankali ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. "Sau nawa ake tambayar babban mutum?"

"A gaban ubanta! Kana jin 'yar Fryslân za ta ce a ba ni, a hana yarinya, ubanta na zaune? Jira take ka ce mata a'a!"

Na ga abin yana shigarsa a hankali, fuskarsa na sauya launi. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" ya ce. Ya duba agogo, ya shafa ƙeya. "An riga an miƙa sunaye. Ko ina so yanzu ba zan iya ba."

"To gobe fa?"

"A wasan ƙarshe? Baukje." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ni ma na sani. Ba kocin da ke taɓa huɗunsa a wasan ƙarshe.

Na so ƙwarai in tsane shi, da na sami sauƙi. Amma mutumin bai yi ƙarya ba, bai yi zamba ba. An ce masa a'a ya ji a'a.

Bas ɗin ƙauye ya iso da rana, mutum cike da huluna ruwan goro da burodi da cuku a leda. Douwe ma ya zo, ya bar ɗansa da shanun gida biyu. Muka zauna a sama, filin ya cika maƙil, 'yan badujala na busa, ƙasa na girgiza. Da aka kira tseren mata, Heit ya sa tabarau ya leƙa yana ƙirga hulunan kwano.

"Ban gan ta ba."

"Ga ta can bakin katifun kariya na gefen fili, kusa da Rogier."

Tana tsaye cikin rigar sanyi, ta rungume kuben wuƙaƙen 'yan matan guda takwas a ƙirjinta. Aikin ta biyar ke nan, in sun shiga ta karɓa, in sun fito ta miƙa.

"Sai an fara za a sa ta ke nan?" in ji Heit.

"Ba ƙwallo ba ce, Heit. Ba a canji."

Ya cire tabarau ɗin ya goge da gyalensa ya mayar.

Aka harba bindiga. Ni dai zuciyata a rabe take, ba zan ɓoye ba. Rabi na son su wuce, rabi na son tseren ya yi zafi har kowa ya ga lallai sai da Jildou, ko ba komai sadaukarwar ta zama tana da dalili. Ko wannan ɗin ba a ba mu ba. Ba a yi nisa ba, a wurin wata turawa, mai jan kaya ta yanko ciki, mai shuɗi ta ƙi matsawa, wuƙa ta sarƙe da wuƙa, su biyun suka tafi a kwance suka daki katifa ji kake dim! Kafin abokansu su je su taɓa su su karɓa, 'yan matanmu sun ba su rabin fili. Ƙungiya ta huɗu kuwa da ma raka su ta zo yi. Abin da aka kwana ana tsoro ya koma yawon shan iska: Merel ta ɗora hannu a baya tana zagayawa, Jildou har da waige.

Douwe a bayanmu ya doki cinyarsa. "Kai! Wannan ko tsohuwata aka sa da sandarta ai sun wuce!"

Aka fashe da dariya, sai kuma dariyar ta mutu a layi-layi, kamar yadda kowa yake tuna wa ke zaune a gabansa. Douwe ya ce, "Ba haka nake nufi ba, Sibe." Heit ya ce, "Na sani." Can ƙasa Hiske tana ƙoƙarin tafi, kuben suna zamewa daga hammatarta, tana tarowa.

Bayan tseren ba mu haɗu da ita ba. Ta aiko mini da saƙo cewa tana da aiki, za ta taya yaran duba wuƙaƙe.

Lahadi ba na son dogon bayani a kanta. Sun ci. Tseren ya yi kyau, in faɗi gaskiya ban taɓa ganin irinsa ba, Merel ta shiga ta ciki a kwanar ƙarshe ta miƙa ƙafa a kan layi, filin ya kusa rushewa. Manyan maza suna kuka, Douwe ya rungume wani ɗan Rotterdam da bai taɓa gani ba. Ni kuwa ina zaune kamar an zuba mini ruwan sanyi. Baƙin ciki nake ji, tsantsarsa, a ranar da duk ƙasar ke murna, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Aka shimfiɗa darduma a kan ƙanƙara, aka kawo dandamali. 'Yan mata huɗu suka hau suna riƙe da hannun juna, aka rataya musu zinare, aka buga taken ƙasa. Hiske na tsaye a gefe tare da likita da mai tausa, bakinta na motsi da waƙar.

Da aka gama sai Jildou ta diro. Ta ruga ta kan dardumar, ta cire lambar daga wuyanta, ta rataya wa Hiske. Masu kyamara suka juya gaba ɗaya, sai ga fuskar ƙanwata a babban allo, zinare a ƙirjinta, ta sa hannu ta rufe baki. Filin ya ɗauka, "Hiske! Hiske!" Sauran ukun suka zo suka kewaye ta.

Heit ya miƙe tsaye. Mutumin da ko ranar aurena bai ɗaga murya ba, ya cire hularsa ya ɗaga sama.

"Ban gaya miki ba?" ya ce mini, idonsa jawur. "Ban ce miki ba su manta ba?" Ya juya baya ga mutanen ƙauye. "Kun gani? Ba ta roƙa ba! Ko kalma ɗaya ba ta roƙa ba, su da kansu suka kawo mata!"

Yana can yana karɓar hannu, bai ga sauran ba. Ni na gani. Wata mata ɗauke da waya biyu ta zo tana kiran zakaru huɗu su zo a ɗauki hoto. Ukun suka tafi. Jildou ta tsaya, ta kalli matar, ta kalli ƙirjin Hiske, hannunta ya ɗan ɗago ya koma. Yarinyar kirki ce, ba za ta iya tambaya ba, kuma ba za ta iya tafiya babu ba. Hiske ta lura. Ta sunkuyar da kai ta zare igiyar, ta rataya mata, ta gyara mata ita ta zauna daidai, ta juya ta ta kafaɗa, ta ɗan tura ta.

Ni mai baki, ranar bakin ya mutu. Tun daga kujerunmu har wurin ajiye motoci Heit yana zancen inda za a rataye ta. Ya ce a falo kusa da agogo, sai kuma ya ce a'a, rana na dukan wurin, za ta sa igiyar ta koɗe. Douwe da ya ga abin da na gani ya yi ta kallon takalmansa. Kowa a bas ɗin ya sani, ba wanda ya iya gaya masa.

Ana ɗan yayyafi, direba ya tayar da inji, mutane na cewa a yi sauri saboda tatsar yamma, sai ga Hiske ta taho da jakarta a kafaɗa don ta yi mana sallama. Ta wanke fuska, ta ɗaure gashi. Mutanen ƙauye suka yi mata tafi ta taga, irin tafin da ake yi a hankali. Heit ya sauko daga matakalar bas ɗin, ya goge tafin hannunsa a jikin kwat, ya miƙa mata shi a buɗe.

"Ina take, famke? Kawo in ji nauyinta."

Hiske ta kalle ni. Na kau da kai, Allah ya sani na kau da kai.

"Ta Jildou ce, Heit," ta ce. "Ara mini ta yi."

Hannun ya daɗe a miƙe, yayyafi na sauka a kai. Na ga yana haɗa abin ɗaya bayan ɗaya, tun daga teburin otal, na ga lokacin da ya kai ƙarshe. Na ɗauka zai ce wani abu, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ko da "laifina ne" ko "ki yafe mini". Ya mayar da hannun aljihu.

"To," ya ce. "Kin dai yi mata godiya ko?"

"Na yi, Heit."

Direba ya danna hon, muka shiga.